Furanni a Kabarin Mai Rai

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar Iya Crocifissa ta shigo ofishin 'yan sanda na Montecufa tana dogara sanda, ɗanta Calogero na biye da ita kamar wanda aka koro daga makaranta. Sufeto Incardona ko kofinsa bai gama sha ba.

"An sace mini hoto a makabarta," in ji ta. "Tashi."

A ƙauyenmu idan miji ya mutu, matar takan sa a manna hotonta na tangaran kusa da nasa a jikin dutsen kabari tun tana raye, a rubuta ranar haihuwarta, a bar gurbin ranar mutuwa. Na Iya Crocifissa mijinta Vito ne ya ɗauke ta tana da shekara talatin. Na takardar tuni ruwan rufi ya cinye shi, wannan kaɗai ya rage.

"Yallabai, jibi Litinin za a yi mata aikin zuciya a asibitin Palermo," in ji Calogero. "Wata biyar muna jiran layi. Yanzu ta ce ba inda za ta."

"In na mutu a hannunsu fa?" Ta buga sandar a ƙasa. "Hoton katin shaida za ku manna mini, wanda na fito kamar tsohuwar akuya? Vito da gashinsa baƙi wuluk, ni a gefe kamar kakarsa? Ba hoto, ba Palermo."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Watan Agusta ne, lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke cika mana lunguna. Suna hawo dutsen da ƙauyenmu yake kai suna haki, da gajeren wando da jajayen ƙafafu, su ɗauki hoton shanyarmu, su ɗauki hoton tsofaffinmu a bakin ƙofa ba ko sallama, sannan su ce mun ji daɗi da ba mu san zamani ba. Sufeto ya ratsa ta cikinsu bai kalli kowa ba. Wata ta nemi ya tsaya ta ɗauke shi da kakinsa, ya ce mata shi ba gunki ba ne.

A jikin dutsen kabarin, gurbin hoton ya yi fari fat, gefensa duk karce. Wanda ya ɓamɓare shi bai taɓa riƙe kurfin sassaƙa dutse ba a rayuwarsa. A ƙasa kuma, daidai ɓangaren matar, an ajiye jajayen furanni cikin leda.

Sufeto ya kira Nofrio mai gadin makabarta.

"Wa ya shigo jiya?"

"Ba kowa, Yallabai. Ƙofa a kulle take tun rana."

"To furannin nan ta sama suka faɗo?"

"Ƙila dangi ne."

"Nofrio, shekara nawa kake binne mutanen garin nan? Wane ɗan Montecufa ne zai ajiye wa mace fure a kabari tana raye, tana cin taliyarta? Ko maƙiyinta ba zai yi ba, don ya san kafin yamma gari ya cinye shi da baki. Wanda ya kawo wannan ya ɗauka ta mutu. Wani ne kuma ya gaya masa haka."

Nofrio ya sosa ƙeya.

"Ba'amurken nan ne da ya sauka a gidan baƙi na bayan coci. Scalisi yake ko wa. Kwana uku yana bina, wai kakarsa daga nan ta tashi, in nuna masa danginsa. Yallabai, ka san su. Kowa ya zo sai ya ce a ba shi kabari. In ka ce babu, ba ya tafiya."

"Sai ka ba shi na Vito Scalisi."

"Suna ya zo ɗaya. Na ce ga ƙanwar kakarka nan. Ya yi kuka, ya rungume ni, na tafi cin abinci na bar masa ƙofa. Ina na san zai ɓamɓare ta?"

"Bai ga babu ranar mutuwa ba?"

"Ya tambaya. Na ce lokacin yaƙi ne, ba a riƙe rana ba."

Sufeto bai ga amfanin zagi ba.

Shi da Nofrio sun sami Brandon Scalisi a barandar gidan baƙi yana ɗaukar hoton karin kumallonsa. Ƙato ne mai shekara kamar hamsin, da rigar da aka rubuta sunan tsibirinmu a ƙirji, kamar yana tsoron ya manta inda yake. Akwatinsa a ɗaure, motar haya na jira.

"Ka je makabarta jiya?"

"Ni? A'a. Ni coci kawai. Coci kyau sosai."

"Me ya sami babban yatsanka?"

Baƙon ya kalli filastar da ke yatsan. "Gwangwani."

Sufeto ya ɗauki abin buɗe kwalba da ke kan tebur. Bakinsa ya lanƙwashe, da farin garin siminti a maƙale.

"Buɗe akwatin."

Nan fa muryar baƙon ta canza. Shi jinin garin nan ne, ya ƙetaro teku don ya ga tushensa, matar nan tasa ce, an bar ta cikin rana da ruwa ba mai kula da ita. A gidansa zai sa ta a falo, kowa ya gani. Ya dafa ƙirji ya ce yana jin ta a nan.

"Za ka ji ta da kunnenka," in ji Sufeto. "Ga ta nan tana hawowa."

Iya Crocifissa ta ƙaraso saman matakalar barandar tana numfashi da ƙyar, Calogero na tallafe da ita. Nofrio ya nuna ta da haɓa, ya kau da kai. Ba'amurken ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Amma... ke kin mutu. Ni na yi kuka."

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Mijina maraya ne daga garin Enna, ba shi da kowa a ko'ina. Ni ma ba wanda ya taɓa ƙetare teku a zuriyarmu. Ba ni fuskata."

Ya zaro safa daga cikin akwati, ya zazzage. Hoton ya faɗo a tafin hannunta gida biyu, tsagin ya bi ta tsakiyar goshi har haɓa.

"Wajen cirewa ne," ya ce a hankali. "Ni na yi. Na yi niyya in liƙe a gida."

Calogero ya sunkuyar da kai, don ya ga tafiya Palermo ta rushe. Tsohuwar ta haɗa ɓangarorin biyu, ta daɗe tana kallon yarinyar da ke ciki, har Sufeto, wanda ba ya tausayin kowa kafin azahar, ya ji abin ya taɓa shi.

"Iya, akwai mai yin irinsa a garin Caltagirone," in ji Sufeto. "Daga wannan zai fitar da sabo, ba tsagi. Sai dai yana ɗaukar wata uku."

"Wata uku."

"Ko huɗu. Ba ya sauri."

Sufeto ya kama baƙon a gwiwar hannu ya nufi matakala da shi, ya ce wa Nofrio ya biyo su shi ma. A ƙasa 'yan uwan baƙon masu gajeren wando har sun taru sun ɗaga wayoyi.

Iya Crocifissa ta naɗe ɓangarorin cikin hankici ta miƙa wa ɗanta.

"Kai wannan Caltagirone yau. Jibi ka zo da mota da wuri." Ta gyara riƙon sandarta. "Kuma ka gaya wa likitan nan ya yi aikinsa da kyau. Ba ni da halin mutuwa sai bayan wata huɗu."