Hannun Da Ya Riƙe Sifana

Duk wanda ya san garejin bakin hanya a Jega shekarun baya ya san Muntari bakanike. Ya iya aiki, wannan ba mai ƙwace masa. Ciwonsa ɗaya ne: motar albasa ba ta fitowa daga Aliero bai bi ta da ido ba, yana cizon leɓe kamar gadonsa aka ɗauke.

Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, sai ya sayar da gonarsa ta Fagada ya sayo wata koriya mai shan dizal. Inji lafiya lau, amma altaneta, mai cika batir, ta ƙone, biraket ɗin da take zaune a kai kuma ya tsage. Kayan soja ba irin na kasuwa ba ne. Ya sa na tirela bai zauna ba, ya yi walda ta ɓalle, fambel, igiyar robar da ke juya altaneta, ya yi ta tsinkewa. Kafin ya samo altaneta daidai da wutar motar, a yanko masa sabon biraket, kakar albasa ta kusa ƙarewa. Mai hankali da ya jira baɗi. Muntari kuwa ya ƙunshe biraket a buhu, ya hau kabu-kabu zuwa dajin bayan Kuberi, wurin wani tsohon boka da ake kira Tamu.

Da rana tsaka ya isa. Bukka ce a gindin kuka, ƙofarta sai da rarrafe. Ciki babu iska. Tukwane uku a kife, ƙahon rago cike da wani baƙin abu mai danƙo, da jan ƙyalle da jini ya bushe a kai har ya yi tauri. Ƙuda ko ɗaya bai sauka a kansa ba.

"Mi kaka biɗa?" in ji tsohon.

"Arziki, Baba. Na bana, ba na baɗi ba."

Tamu ya juya ƙarfen a hannu. "In za ka ɗaure wanga abu, kai ɗai kaka yi?"

"A'a. Sai wani ya riƙe kan ƙusa da sifana ta baya, ni in juya noti ta gaba."

"Madalla. To mai riƙe maka kada shi zan wanda ka biya. Sai wanda ya riƙe don ƙauna. Ran da hannun haya ya taɓa shi, aikin ga ya mutu."

"Mi za shi samu mai riƙon?"

"Hannunai za shi yi sanyi."

"Shi ke nan?"

Tsohon ya yi murmushi, babu haƙori ko ɗaya. "Abin da ka tambaya na amsa."

Muntari bai ƙara tambaya ba, don ba ya son ji. Tamu ya tsoma yatsa a ƙahon, ya shafe ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya yana kiran wani suna ƙasa-ƙasa, sannan ya binne ƙarfen cikin garwashi. Da ya zaro shi, sanyi ƙalau kamar daga randa ya fito.

A ƙofar gida Muntari ya yi aikin, don kada abokan gareji su ga baƙin da ke bakin ramukan. Yayansa Sambo, wanda ya koya masa riƙon sifana tun yana yaro, ya zo wucewa.

"Yaya, ɗan riƙe mini."

Sambo ya naɗe hannun riga ya riƙe. Aka zaunar da biraket, aka ɗora altaneta, aka ja fambel ya yi tsam. Da aka tayar da mota, Muntari ya kara sifana a bayan altaneta yadda kanikawa ke gwada ko tana ba da wuta, sai altaneta ta fizge ta har sai da ya sa hannu biyu ya ɓamɓare. Sambo ya yi dariya yana murza yatsunsa, ya ce sanyi yake ji.

Arziki ya zo, ba ƙarya. Albasar da ta shiga motar Muntari ba ta ruɓa, ko an kwana uku a hanya. Dillalan Aliero suka riƙa layi a ƙofarsa. Ya rushe gidan ƙasa ya yi na siminti, ya koma Alhaji. Sambo kuwa sanyin ya hau daga yatsu zuwa kafaɗa, ya bushe a tsaye, kafin damina aka kai shi makwanci. Masu wanka sun kasa buɗe hannunsa na dama.

Muntari ya gane. Kada wani ya ce bai gane ba. Amma da kaka ta zagayo, biraket ya saki da kansa, fitilar batir ta kama ja, ga buhuna an loda. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi cikin gida, inda matarsa Zubaida ke shanya.

"Zubaida, zo ki riƙe mini abu kaɗan."

"Ni, Alhaji? Mi na sani ga ƙarhe?"

"Riƙewa ɗai za ki yi."

Ta zo tana dariya, tana jin daɗin mijinta ya neme ta. Ita ba ta mutu ba. Kafin wata biyu ta daina gane mutane, tana zaune bakin rijiya da hannu a dunƙule, tana ƙugi kamar inji. 'Yan'uwanta suka zo daga Maiyama suka ɗauke ta, ko gaisuwa ba su yi masa ba.

Daga nan Jega ta fara magana. Da biraket ya sake saki a shekara ta uku, Muntari ya tsorata da gaske. Ya sayo wata altaneta, ya sa aka yanko biraket mai tsarki, ya ƙudiri aniyar cire na Tamu. Amma kwancewa ma sai da mai riƙo, kuma ya tuna hannun haya ke kashe aikin, abin da yake so ke nan yanzu. Ya bi gareji-gareji yana tayin kuɗi. Babu wanda ya yarda ya matsa kusa da motar.

Mahaifiyarsa, Inna Bushira, ita kaɗai ta rage masa a gidan. Da hantsi ta same shi cikin inji yana fama, sifana tana zamewa.

"Kawo in riƙe maka, ɗan ga."

Sai dabara ta zo masa. Ya zaro kuɗi ya danƙa mata.

"Inna, sai kin karɓi wanga. Ladan aiki na."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka biya? Ni da na goye ka?"

"Don Allah, Inna. Ki karɓa."

Ta karɓi kuɗin. Ta riƙe, ya kwance, ya jefar da tsohon ƙarfen, ya ɗaura sabon, altaneta ta zauna daram. Ya yi ajiyar zuciya, yana ganin ya tsira, ya tsirar da ita. Inna ta koma ciki tana hura yatsunta.

Sai da zai yi alwalar azahar ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya ji takardu. Kuɗin ne, a ninke yadda ya ba ta. Tun yana sunkuye cikin inji ta mayar masa, don wace uwa ce za ta ci ladan taimakon ɗanta?

Kwana tara ta ƙara a duniya.

Motar ba ta sake tashi ba. Tana nan ta yi tsatsa, awaki ma ba sa shan inuwarta. Gidan siminti ya tsage, dillalai suka watse. Muntari yana yawo bakin tasha da sifana a hannu, yana miƙa wa duk mai wucewa, yana cewa, "Riƙe mini." Mutane na kaucewa.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka saurara. Boka ba ya karɓar abin da ka ƙi, abin da ke ƙaunarka yake ci. Kuma ba shi zai je ya kamo su ba. Kai za ka kira su da sunansu, su zo da gudu, suna murna ka neme su.