An Shafa wa Ƙarfen Mai

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ma'aikata suka koma shagon gyaran ƙarfe da ke bakin tashar jiragen kamun kifi ta Tegal, suka tarar da mai shagon, Pak Kasmuri (a can Pak tamkar a ce Malam ne), kwance a gindin inji, ba rai.

Sufeto Daryono ya durƙusa ya duba. Raunin da ke kan mamacin layi ne na haƙora a jere, kowane ya ɗara na bayansa zurfi.

"Me ke yin irin wannan?"

Wasmad, mai walda, ya nuna wata kanta ta ajiye kayan aiki. "Ƙarfen yanka gurbi, Pak. Da shi muke tsaga cikin farfelar jirgi, don ta kama sandar inji kada ta zame."

Dogayen ƙarafa ne masu haƙora, a jere. Duk sun bushe, ban da ɗaya. An wanke shi, an shafe shi da mai, an naɗe a tsumma. Haƙori guda ya karye.

"Yaushe kuke shafa musu mai?"

"Sai an tashi aiki. Iskar teku na sa tsatsa. Ni ko taɓa su ba na yi, Pak Casmudi sai ya cinye ni ɗanye."

Casmudi, babban ma'aikacin shagon, dattijo ne mai furfura. Da Sufeto ya tambaye shi, ya ce yana masallaci a lokacin.

"Wane sahu?"

"Na baya."

"Wasmad ma na baya yake. Bai gan ka ba."

"Wasmad? Wanda ke barci tun huɗuba?"

Sufeto bai yi dariya ba. Ya warware tsumman, ya ajiye ƙarfen a jiƙaƙƙen siminti. Kafin kowa ya motsa, Casmudi ya sunkuya ya ɗauke, yana gogewa da rigarsa.



"Da baƙo ne ya yi kisan, da teku zai jefa shi," in ji Sufeto. "Kai ka kasa barinsa da jini."

Casmudi ya shafa haƙoran ƙarfen.

"Ya dakushe tun bara. Na ce a kai wasawa, Pak Kasmuri ya ce aiki ba ya jira. Da shi na yanka farfelar jirgin ƙanena. Gurbin bai zauna daidai ba. Ta zame musu a tsakiyar hadari, ko gawarsa ba mu samu ba."

"Innalillahi," in ji Wasmad. "Pak, kai ka yanka?"

"Da hannuna. Yau Pak Kasmuri ya miƙo mini wata farfelar, da ƙarfen nan dai. Ya ce in yi sauri."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya juyo ga Wasmad.

"Jirgin da ke jiran farfelar can, ka ce su kai wani shagon."