Amaren Gidan Su Akram

"Wallahi Baba ban fasa ba!"

Maganar ta kuɓuce wa Nasiha kafin ta kama bakinta. Ɗalibar likitanci ce, mai kunya da kawaici, ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai yau. Kuma wai a kan namiji!

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo Hajo, yayar Baba, mai gyaran amaren da duk Keffi aka san da ita. "Boko ya buɗe mata ido! Gidan su Akram ɗin nan cin amare yake yi. Matan yayyensa biyu da hannuna na gyara su, suka tare gwanin sha'awa. Je ki gan su yanzu. Fuska a kumbure, ga suga, ga hawan jini, yara ƙanana!"

"Na gama magana," Baba ya ce. "Ba zan kai 'yata inda za ta lalace ba."

"Baba, gida ba ya sa wa mutum ciwon suga. Ku ba ni lokaci in gano abin da ke kawo shi. In na kasa... ni da bakina zan sallame shi."

Bakin ne kawai ke da ƙarfi.

Washegari bayan lacca ta tarar da Akram, ɗan ajinsu, ya zabga tagumi.

"Hasken raina, ko dai in haƙura? Ni ma na fara tsoron gidan namu..."

"Ji mini mutum! Kai da kake cinye jarrabawar ilimin magunguna? Me aka koya mana? In cuta ta ɓulla, ba masu ciwon kaɗai ake tambaya ba. A nemo waɗanda suka tsira, a ga me ya raba su. Duk matan gidanku ne ba lafiya?"

"Ban da Anti Mu'mina, matar babban yayanmu."

"Ruwansu ɗaya? Tukunya ɗaya?"

"Ɗaya."

"To tashi mu je!"

Mu'mina dariya ta yi da ta ji tambayoyinsu.

"Ni daga Garaku aka kawo ni, yadda Allah Ya yi ni. Ba gyara ba komai. Har gori na sha, wai amarya kamar sillen kara."

Sauran biyun kuwa tsumin Gwaggo Hajo suka sha, kuma har yau suna aikawa a karɓo musu. Sun ce duk ranar da suka daina sai jiki ya mutu, ga jiri ga amai.

Akram ya dafe kai.

"Fuska ta cika, suga ya hau, in an daina jiki ya mutu... Nasiha, dekza ce! Ƙwayar nan da ake bai wa masu asma!"

"Tsaya, masoyi. Mutum uku ba hujja ba ne, yana iya zama dace."

Haka ta yi ta bin gidajen amare, yau keke gobe acaɓa, rana na dukanta. Galibin waɗanda suka ɗore da shan tsumin ciwonsu iri ɗaya. Waɗanda ba su taɓa sha ba, da wuya ka ga mai shi. Gidan su Akram ya fita daga zargi, amma ta kasa murna. Gwaggon nan ce ta goye ta tana jaririya.

Duk da haka a gaban Baba ta tsare ta.

"Gwaggo, me kike zubawa a tsumi?"

"Marar kunya! Zuma, dabino, saiwoyi..."

"Sai me?"

"Sai 'yar ƙwayar ƙiba da nake saya a wani kemis a Sabon Gari. To laifi ne? Amarya za ta shiga ɗaki a bushe?"

"Ita ce ke cin amaren, Gwaggo. Ƙibar nan ba ta lafiya ba ce. Na ga irinsu a gidajen da ko hanyar gidan su Akram ba su sani ba."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi zagi, sai ta sulale ta zauna daɓas.

"Zulaihatu..." ta ce. Autarta ke nan, wadda ake shirin bikinta. "Tun kafin azumi nake ba ta. Innalillahi! Bari in zubar da shi!"

Nasiha ta riƙe ta gam.

"Kada ki yanke mata lokaci ɗaya! Yankewar na iya kisa. Likita ne zai janye ta a hankali. Ita da sauran duka."

Baba ya dubi Nasiha.

"Yaron nan yana ina?"

"Yana ƙofar gida, Baba. Ya tsayar da keke."

"Ku kai Zulaihatu asibiti. In kun dawo... ki ce masa ya turo manyansa."

Daɗi ya kusa kayar da Nasiha, sai ga hawaye. Gwaggo ta kamo gefen mayafinta, ita ma tana kuka.

"'Yar nan, to wa zai gyara ki?"

"Ba kowa, Gwaggo. Haka zan shiga."