Jan Fenti a Hanyar Soca

Da hantsin Litinin tsohuwa Zofka ta faɗo ofishin 'yan sanda da takalmin cikin gida a ƙafarta. Zofka kuwa ko shara ba ta fita zubarwa sai ta gyara ɗankwali, don haka Sufeto Darinka Kenda ta ture kofin gahawarta gefe tun kafin a ce mata komai.

"Mijina Lojze ne, 'yar nan. Tun jiya da safe ya kama hanyar bakin kogi, wai zai hau masaukin kan dutse ya sha miyar wake ya dawo. Har yanzu shiru."

"Wayarsa fa, Inna?"

"Tana kan firiji! Ga maganin zuciyarsa ma a aljihuna."

Maganin ne ya tayar da Sufeto tsaye. Tsohon malamin makaranta mai ciwon zuciya ya kwana a kwarin kogin Soca cikin ruwan sama, ba magani. In ya ƙara wani kwanan, sai dai a ɗauko gawa. Ta buga waya masaukin, aka ce ba a gan shi ba. Ta sa a tara masu ceto.

Mu mutanen kwarin nan mun fi yarda da alamar hanya fiye da idonmu. Duk shekara dutse na zamewa ya cinye hanya, ƙungiyar masu hawan dutse ta sake fitar da wata, ta zana jan da'ira mai farin ɗigo a jikin duwatsu. Inda ja ya nufa, can ƙafa ke bi, ba musu. Mai zana alamun wannan yanki shi ne Tine, kuma gidansa Sufeto ta fara zuwa.

"Yaushe rabonka da hanyar bakin kogi?"

"Watan jiya, ranki ya daɗe. Komai lafiya lau, alama bayan alama."

Sufeto ta dubi gwangwanin fentinsa a bayan ƙofa. Murfin ya yi tsatsa, burushin ya bushe kamar itace.

"Da wannan ka yi aikin?"

Tine ya sosa ƙeya. "Gwiwata ce. Tun bara ban hau ba. In ƙungiya ta ji, za su ba wani aikin."

Ƙarya dai ya yi, amma ta rago ce. Ta bar shi yana shafa gwiwa.

Sun bi kogin, ita da masu ceto, ruwan na ta ƙugi a ƙasa, kore shar. A ƙasan makiyayar wani mai tumaki da ake kira Stanko, hanya ta rabu biyu. Sabbin alamu sun karkata hagu, wajen tsohuwar hanyar kwazazzabo da aka daina bi. Sufeto ta tsuguna ta kankare wani dutse na hannun dama: ga alamar gaskiya, an shafe ta da laka.

Ta koma kan sabuwar, ta goga yatsa. Jan ya biyo hannunta, da maiƙo, da silin gashin tunkiya maƙale a ciki. Fentin ƙungiya bushewa yake yi ƙam. Wannan kuwa na shaida tumaki ne, wanda aka yi shi don ya wanku daga ulu. Shi ya sa gaba kaɗan ruwan jiya ya wanke alamun tas, aka rasa inda suka nufa, ga hanyoyin awaki barkatai.

Stanko na juya cuku a tukunya suka same shi.

"Sannu da aiki, Baba Stanko. Ka san wanda ya karkatar da hanya?"

"Ni ina ruwana da hanya? Tambayi 'yan yawon da ke zuwa da sanda biyu kamar guragu."

"Maƙwabcinka da wane launi yake shaida tumakinsa?"

"Shuɗi."

"Kai fa?"

Stanko ya ci gaba da juya muciyarsa. Tumakin ne suka amsa masa, don ga su nan a bakin shinge, kowace da jan tambari a gindi.

"Lojze ne ya bi alamunka," in ji Sufeto. "Ya kwana a can, ba maganinsa."

Muciyar ta suɓuce daga hannun Stanko. "Malam Lojze? Wayyo Allah! Shi ya koya mini karatu!"

Daga nan sai magana ta ɓalle. Hanyar gaskiya ta ratsa tsakiyar makiyayarsa. Baƙi na buɗe ƙofar shinge su wuce, ba sa rufewa. A damina ɗaya tumaki uku sun fita sun faɗa kogi. Ya kai kuka ƙungiya, aka ce za a duba. Sai ya ɗauki abin da yake da shi ya zana musu hanyar da za ta kewaye shi.

"Na ɗauka tsohuwar hanyar na nan. Wallahi ban san ta rufta ba."

"Har ina ka kai alamun?"

Igiya kawai ya sura, ya yi gaba. Mutum mai shekara sittin, amma samarin ceto da ƙyar suke ganin ƙurarsa. Ya tsaya a bakin wani wuri da ƙasa ta zame, ya kwanta rub da ciki, ya ƙwala kira.

Shiru. Ya sake ƙwala kiran.

Can sai wata murya ta taso daga ƙasa, a dishe: "Wa ke min ihu haka? Kun zo da abinci?"

Ɗaya daga cikin masu ceto ya fashe da dariya har da hawaye. Ita kanta Sufeto zama ta yi a kan dutse. Lojze na kan wani ɗan tudu a jikin gangaren, idon sawu a karye, leɓe ya yi shuɗi, amma da ransa. Maganin aka fara saukar masa, sannan Stanko ya sauka da kansa ya ɗaure shi a igiya.

A bakin titi Zofka na jira. Ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai kuka ya zo, ta rungume kan mijinta tana dukan kafaɗarsa a hankali.

Sufeto ta buɗe ƙofar mota. "Baba Stanko, mu je ofis. Maƙwabcinka zai tatse maka tumakin da yamma."

Ko ankwa ba ta fitar ba. Zai shiga ke nan, Lojze ya ɗago kai daga gadon ɗaukar majinyata.

"Stanko."

"Na'am, Malam. Ka yafe mini."

"Ni fa duk lokacin da na wuce, sai na rufe maka ƙofar shingen nan."

Stanko ya rufe fuska da hularsa, ya shiga mota.