Ciwon Mato Ba a Gwiwa Yake Ba

"Ki gaya mini da bakinki, Zalika. Da gaske ne cinyoyin maza kike wuni kina matsawa a gidan likita?"

Inna ce ke tambaya, mahaifiyar Mato, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Ko ruwa ba ta bari na sha ba, ni da na taso tun daga Tanut zuwa Gangara a bayan kabu-kabu don in duba ɗanta.

"Da gaske ne, Inna. Da cinyoyi, da kafaɗu, da bayan tsofaffi. Kine ake ce wa aikina, gyaran jikin da ya ji rauni na karanta, shekara uku."

Zuhaira, ƴar ƙanen babansa, tana bakin turmi tana surfe tana murmushi. Ba sai an gaya mini wadda ta kawo gulmar ba, tun muna ƴan makaranta a lakwal take son Mato.

"To ki zaɓa," in ji Inna. "Ko aikin, ko yaron nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ji tsoro ba. Ina son Mato kamar raina, ina kuma son aikina, ban ga wanda zan ajiye ba.

Yana zaune a rumfa, ƙaton ɗan kokawar da ya kada rabin samarin Damargu, ya yi tagumi kamar marainiya. Sati uku ke nan da ya ji ciwo a filin kokawa. Gwiwarsa ta dama duk tsagar ƙaho ce, wanzami ya yi nasa, maɗori ya ja nasa, ba sauƙi.

"Sannu da zuwa, sahibata..." ya ce a hankali, ya yunƙura.

Na zuba masa ido. Gwiwar ta lanƙwashe lafiya lau. Amma da zai buɗe ƙafa ya miƙe, sai da ya cije leɓe ya tallafi cinyar da hannu biyu.

"Yaya Mato, gwiwa ka ce?"

"Gwiwa mana."

"Ƙarya kake yi."

Ya sunkuyar da kai. Nan na gane komai. Kunya ce ta hana shi faɗin inda ke masa ciwo, ya bari ana ta tsaga wurin da lafiyarsa ƙalau. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na juya wajen Inna.

"Ba zan taɓa shi ba. Ki ba ni aron hannunki."

Ta harare ni, amma ɗanta ne, ta taso. Na sa ya kwanta rigingine a tabarma ya ɗaga gwiwoyi, na ce ta dunƙule hannu ta sa a tsakaninsu.

"Matse hannun Inna."

Ya matse. Sai ga ƙato ya saki ƙara, hannunsa ya tafi can sama, wajen matsematsi.

Inna ta yi salati.

Na ɗauki kara na zana mata a ƙasa. "Tsoka biyar ce a cikin cinya, Inna. Duk daga ƙashin mara suke tasowa. Huɗu suna kama ƙashin cinya, ɗaya siririya tana sauka har ƙarƙashin gwiwa. Su ke haɗe ƙafafu. In ɗan kokawa ya buɗe ƙafa aka kwashe masa ɗaya, su ke riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu ce ta ɗan yage."

"Sati uku kana kallona ina yawo gidan wanzami?" ta ce masa. "Don ubanka, ni na haife ka fa."

"Inna, ai wurin ne..."

"Rufe mini baki." Ta dube ni. "Zai warke?"

"In ya ji magana, da yardar Allah. Amma ke ce za ki zama hannuna."

Haka aka yi. Kowace Lahadi ina zuwa, ina zaune a kujera ina ba da umurni, Inna tana aiki. Satin farko matashin kai yake matsewa tsakanin gwiwoyi, ya ƙirga biyar ya saki. Daga nan ya koma kwanciya ta gefe yana ɗaga ƙafar ƙasa. A sati na huɗu muka kwantar da turmi, ya ɗora gwiwa a kai, ya tokare gwiwar hannu a ƙasa ya ɗaga ƙugu. Gumi kamar an watsa masa ruwa.

"Zali, ke muguwa ce," ya ce yana haki.

"Saura uku, masoyi."

"Saura huɗu," in ji Inna. "Na farkon bai ɗagu ba."

Zuhaira ba ta haƙura ba. Ta je ta gaya wa baffan Mato wai ina kulle kaina da Mato a ɗaki. Baffan ya iso da faɗa tun daga zaure.

Inna ko tashi ba ta yi ba.

"Wane ɗaki? Ga rumfa, ga ni. Sati biyar ko yatsarta bai taɓa shi ba. Wanda ya ga wani abu ya zo ya faɗa a gabana."

Taɓaryar Zuhaira ta yi shiru a bayan danga.

Amma har lokacin Inna ba ta janye maganarta ba, ni kuwa ban tambaya ba.

A sati na bakwai Mato ya buɗe ƙafa ya zauna a kan ɗaya, ya koma ɗayar, sau goma kowane gefe, bai ko yamutsa fuska ba. Na ce gobe ya soma atisaye a fili, a hankali. Ya fita yana tsalle kamar ɗan maraƙi.

Na ɗauki jakata.

"Zalika, zo ciki."

Na bi ta ɗaki. Ta saki labule, ta tsaya tana wasa da bakin zane. Na ce a raina, yau za a kore ni da godiya.

"A likitar taku... mata ma kina duba su?"

"Su suka fi yawa, Inna."

Ta leƙa labule, ta rage murya.

"Tun haihuwar autata nan wurin ke mini ciwo," ta ce, ta nuna matsematsinta. "Shekara goma sha tara. In na tsallake dokin ƙofa sai na ji kamar an soka mini allura. Ko babansu ban taɓa gaya wa ba."

Idona ya cika da hawaye. Wannan matar da ke daka, take ɗebo ruwa, ba wanda ya taɓa jin ta ce wash.

"Bari in kira wata ta zama hannuna," na ce.

"A'a."

Ta kwanta a tabarma, ta kamo hannuna da kanta ta ɗora a wurin.

"Ki taɓa, ƴata. Rana tana nan yadda aka sa ta, aikinki ma ki riƙe abinki. Ni dai ki riƙa ajiye mini Lahadi."