Dutsen Gindin Tsamiya

Daga Tsanyawa har Ɗanbatta babu ƙauyen da ba a san Hashimu mai wasa wuƙa ba. Tsohon keke gare shi, da jakar duwatsun washi a baya, kuma in ya wasa maka wuƙa sau ɗaya sai ya wasa kansa sau goma. "Ni da aljanu sai hange daga nesa," in ji shi. "Ƙarfe suke tsoro, ni kuwa da ƙarfe nake kwana."

Saura kwana biyar Babbar Sallah, damina ta zauna, kowa na neman a gyara masa wuƙar layya. Ran nan hadari ya riske shi a tsakiyar gonakin gero, ba gida ba bukka. Ya iso gida dab da magariba sharkaf, takalmi a ƙafa ɗaya, rungume da wani baƙin dutse mai sulɓi. Ya gaya wa masu fakewa a zaurensa wai a gindin tsamiyar bakin rafi wani ƙaton aljani ya tare shi, suka yi kokawa, ya maka shi da ƙasa ya ƙwace dutsen. Aka yi ta dariya. Matarsa Barira ba ta yi ba.

Washegari mutane suka yi layi, kowa na so a wasa masa a dutsen aljani. Da yamma sai gidan ya yi tsit. Kaji suka ƙi shiga akurki. Ladan na cewa Allahu Akbar, dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki, wani ya biyo, wani ya biyo, alhali babu kowa a bayan danga. Da jifan ya tsaya, sai aka ji ƙarar niƙa daga bayan rumbu, a hankali, gurr, gurr.

Barira ta leƙa. 'Yarsu Zakiyya ce durƙushe, tana turza hannuwanta a kan tsurar ƙasa kamar mai niƙan gero. Babu dutse, babu hatsi. Yatsunta sun fara jini, idanunta a buɗe, ba ta ganin kowa.

"Maigida, ka mai da dutsen nan," in ji Barira.

"In mayar a ce na ji tsoro? Shawara ce ke damunta, ki jiƙa mata saiwa."

Kwana biyu yarinya ba ci ba sha. Kowace magariba sai jifa, sai niƙa. A rana ta uku Barira ta yafa mayafi, ba ta nemi izini ba, ta ɗauko Malam Muhammad Auwal mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya iso, hadari ya yi baƙi ƙirin a gabas, maƙwabta sun cika tsakar gida. Ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can hannuwan suka tsaya.

Muryar da ta fito daga bakin Zakiyya ta tsohuwa ce, a shaƙe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ubanta ya ɗauke min dutsen niƙa. Kwana huɗu jikokina ba su ga tuwo ba. Tasa 'yar ta yi min niƙan."

"Za a mayar miki. Ki fita."

"Sai an yanka min baƙar akuya."

"Ba ma yanka sai don Allah," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya sandare, Barira ta toshe baki da mayafi.

"To, na yafe akuyar! Amma ya faɗi yadda aka yi kokawar. A nan, kowa na ji. In ya ƙara ko kalma, ina nan har Sallah."

Idanu suka koma kan Hashimu. Ya dubi jama'a, ya dubi yatsun 'yarsa. 

"Ba... ba a yi kokawa ba. Na ga dutse na ɗauka. Sai na ji an ce min sannu da aiki, na waiwaya ban ga kowa ba. Shi ne na... na ɗan yi sauri."

"Da ya jiƙa wandonsa," in ji muryar, "ko yayyafi ba a fara ba."

Zakiyya ta yi atishawa uku, ta sulale a jikin uwarta tana neman ruwa. Kafin kowa ya ce uffan, wani abu ya faɗo daga sama, tim, a gaban Hashimu. Takalminsa ne, ƙafar hagu, duk taɓo.

"Ɗauki dutsen," in ji Malam. "Ka ajiye shi inda ka same shi kafin rana ta faɗi, ka yi sallama."

Hashimu ya rungumi dutsen ya nufi zaure. Aka yi tsawa daga wajen rafi. Ya tsaya cak, ya juyo ga mutanen da suka sha jin kirarinsa.

"Jama'a," ya ce ƙasa-ƙasa, "don Allah wa zai raka ni?"