Rijiyar Inna Mairo

"Sadiqa, don girman Allah ki mayar da takardar nan cikin jaka. Mako uku fa ya rage a ɗaura mana aure!"

Sadiqa ta ɗago ta dubi Uwaisu, idonta ya ciko. Suna zaune a zauren gidan iyayenta da ke Safana bayan la'asar, takardar sakamakon gwaji tana shimfiɗe a tsakaninsu.

Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, tana karatun injiniyan ruwa. Don aikin kammalawa ta ɗebi ruwan rijiyoyi goma sha biyu ta kai ɗakin gwaje-gwaje. Wadda ta fi kowacce gurɓata ita ce ta ƙofar gidan su Uwaisu a Zakka, wadda mahaifinsa Malam Armaya'u mahauci ya haƙa sadaka, ladan ya kai ga matarsa, marigayiya Mairo.

"Masoyina, ka saurare ni," ta ce a hankali. "Ramin da ake zuba ruwan wankin hanji da tumbi, taku goma ne tsakaninsa da rijiyar. Ƙasar wurin yashi ce. Da an yi ruwan sama, ƙazantar ta ƙarƙashi take bi ta shiga."

"Amma ruwan garau yake! Shekara shida muna sha."

"Ido ba ya ganin abin da ke ciki. Yara nawa aka kai asibiti da gudawa a daminar bana?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Rijiyar Innata ce, Sadiqa... Kullum da safe Baba sai ya tsaya bakinta ya yi mata addu'a. In kika faɗi haka, cewa za a yi tun ba ki shigo ba kin fara raina sana'armu. Ki bari a yi biki, ni da kaina zan gaya masa."

"Mako uku, Uwaisu. Guga nawa za a ja kafin nan?"

Ya miƙe ya sa takalminsa, yau ko sai da safe bai ce mata ba.

Washegari ta roƙi ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Zinariya, ta raka ta Zakka. Tun a bayan a-kori-kura Gwaggo take mita.

"Ni 'yar nan! Ina aka taɓa jin budurwa ta je gaban suruki da bakinta? Mu a zamaninmu ko takalminsa muka hango sai mu sake hanya."

Suka tarar da Malam Armaya'u ya taso daga kasuwa, yana zaune a kan buzu, Uwaisu na gefensa. Sadiqa ta durƙusa can nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Aka gaisa, aka tambayi gida da damina. Sannan ta fara.

"Baba, a gafarce ni. Na san ba hurumina ba ne..."

Ta yi bayani dalla-dalla, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta kai ƙarshe hawaye ya jiƙa mata mayafi.

Sai tsohon ya tambaya, "Jaririyar Muntaka maƙwabcinmu da ta rasu bara... ruwan nan ne?"

"Allah ne masani, Baba. Ba zan iya rantsewa ba. Amma ina jin tsoro."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya share ido da bakin rawaninsa. "Lada nake nemar wa Mairo, ashe alhaki nake ɗibar wa kaina. Cike ta za a yi?"

"A'a, Baba! A rufe ta na ɗan lokaci. A ɗauke ramin zuwa gangare, can nesa. A yashe ta, a ɗaure ta da siminti, a sa magani, in sake gwadawa. In sha Allahu za ta gyaru."

Ya juya ga ɗansa. "Kai ka san da wannan?"

"Tun jiya, Baba... Ni na ce ta yi shiru sai bayan biki."

"Ka ji ƙato! Yarinya ta ajiye kunya ta zo, kai da gemunka ka kasa. Tashi ka samo kwanon rufi ka rufe bakin rijiyar. Bayan magariba ni zan sanar a masallaci."

Gwaggo Zinariya ta gyara zama. "To, Malam, maganar biki fa?"

"Tana nan ranar da aka sa. In da hali ma, da na matso da ita."

A bakin ƙofa Uwaisu ya tare ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata. Tsoron rasa ki ne ya rufe mini ido."

"Ni ma da shi na taho tun daga Safana," ta ce, tana murmushi cikin hawaye. "Je ka rufe, ga mata can sun taho da bokitai."

Ya kwasa da gudu.